Ƙarar Rediyon Baba a Cikin Gajimare

Dit-dit-dit, dirrr. Haka rediyon Baba yake yi idan waya tana shirin yin ƙara a kusa da shi. Yana zaune a gindin dalbejiyar gidanmu a Azare, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku saurara, ana neman wani." Kafin ya sauke yatsan, wayar Inna ta ɗauki kuka. Mu yara mun ɗauka rediyon duba yake yi.

Ina karatu a Legas yayana ya kira ni wata safiya. "Jikin Baba ya ɗan motsa. Ki taho yau." A wajenmu ba a gaya wa matafiyi mutuwa, sai a ce jiki ya motsa, a bar sauran sai ya iso. Don haka ban sani ba ko dubiya zan je, ko zaman makoki. Na hau jirgin Kano, karo na farko a rayuwata.

Kafin mu tashi aka ce kowa ya kashe waya. Ma'aikaciyar jirgin ta tsaya a kaina, na gyaɗa mata kai alamar na kashe. Ƙarya na yi. Na tura wayar cikin mayafina. Idan Baba ya farfaɗo ya ce a kira masa ni, a ce masa a kashe take?

Wata Hajiya ce a gefena tana jan carbi. Ta kalle ni ta wutsiyar ido.

"'Yar nan, ƙirjinki yana haske."

"Hajiya, Babana ne ba lafiya."

"Allah Ya ba shi lafiya. Amma wa zai same ki a nan? Nan sai Allah."

Da muka kusa sauka, jirgin ya nutse cikin gajimare. Ba ƙasa, ba sama, sai fari fat ya lulluɓe taga kamar likkafani. Matuƙin ya fara magana ta lasifikar da ke saman kaina. A ƙarƙashin muryarsa na ji shi. Dit-dit-dit, dirrr.

Carbin Hajiya ya tsaya. Na dafe ƙirji ina jiran wayar ta yi kuka, har ina ganin yatsan nan a ɗage. Ba ta yi ba. Ƙarar ta sake zuwa, a hankali, ta ɓace.

A Kano na tarar da yayana ya zo da kansa. Ya karɓi jakata bai kalle ni ba. Har muka ga fitilun masu shayi na bakin Azare ban tambaye shi ba. Tabarmin da ke ƙofar gida ne suka ba ni amsa. Tun asuba Baba ya rasu.

Na yi shekaru ina ɗauka cewa shi ne ya neme ni a cikin farin nan. Sai da na zauna maƙwabtaka da wata mai aiki a hasumiyar filin jirgi. Ta ce wayar da ta rasa sabis ba ta yin shiru, ƙara ƙarfi take yi tana lalube, ƙararta tana iya shiga kunnen matuƙi ta danne umarnin sauka. Shi ya sa ake cewa a kashe. Ranar nan babu wanda ya kira ni. Wayata ce take ta kira, ba mai amsawa.