Ranar da ofis ya gane ni

Shekarun baya, ni da abokina ba mu da aiki sai gardama a gindin mangwaro. Ni na dage cewa ofisoshin gwamnati ba sa ganin mutum a mutum, lamba kawai suke gani. Shi kuwa cewa yake wannan surutun masu ƙoshi ne: "In za su buga min hatimi, su kira ni akuya ma."

Sai aka fara ɗaukar soja. Muka tafi sakatariya a Zuru neman takardar shaidar 'yan asalin gari, ana gobe za a rufe karɓa. Abokina ya faɗa hannun wata mata da ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta buga hatimi, ta ce, "Na gaba." Na ce masa, "Ka gani ko? Ko fuskarka ba ta duba ba!"

Ni kuwa Allah ya haɗa ni da mai duba fuska. Wani dattijo ne, ya sauke tabarau, ya washe baki. Ashe yayan baban budurwata ne, wadda nake yi wa golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata.

"A'a, ɗana! Zamna, zamna. Kai na gida ne, bari in sallami baƙi."

Na zauna ina hura hanci, ina hararar abokina. Dattijon ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya tambayi ƙafar kakata, har ruwan sanyi ya ba ni. Da layi ya ƙare ya ce, "To, mi ya kawo ka?"

Na ce, "Baba, soja nake son shiga."

Ya mayar da hatimin cikin aljihun tebur a hankali. "Soja? Dawar ƙanena tana tsaye a Dabai, wa za ya girbe ta? Ka dawo bayan kaka."

Na roƙa, na durƙusa, har na nemi a mayar da ni wajen matar nan. Tana jin ni na gidan oga ne ta ce ba ruwanta. Wallahi ranar na yi kuka, abokina kuwa dariya har da riƙe ciki.

Dawa dai na girbe ta, budurwar tawa kuma na aure ta, ban yi nadama ba. Amma har yau in na ji wani yana kukan ofis ya mayar da shi lamba, sai in yi shiru, don na ɗanɗana ɗaya ɓangaren. Abokina yanzu saje ne. Duk zuwansa hutu sai ya tsaya a bakin gonata, ya sara min, ya ce, "Sannu da aiki, mutum."