Makullin da Ya Bi Keken Misbahu

Duk wanda ya taɓa kai ƙofa ko taga gyara a Limawa ya san Barau mai walda. Rumfarsa na bakin titi, fallen kwano huɗu a kan turaku, da tsohon janareto wanda ba ya tashi sai an lallaɓa shi. Shekara ashirin da biyu yana ƙona ƙarfe a wurin. Idanunsa kullum jajur, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Ba ya dogon ciniki. In ka kawo aiki ya juya shi ya ce "To," ka dawo ka tarar an gama. In ba zai iya ba ya ce, "Kai gaba."

Daga Aujara ya zo Dutse yana saurayi, bayan rasuwar mahaifinsu. Da ya sami wurin tsayawa ya koma ya ɗauko ƙanensa Misbahu, wanda ya ba shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe shi, shi ya yi masa aure, shi ya tsaya masa har ya mallaki keke napep. Amma hira ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Gaisuwa, sai "ka ci abinci?", shi ke nan. Misbahu ko zama kusa da shi ba ya yi.

Misbahu ne ya kawo wasan. Ƙwallo ce ta waya, wadda ake bugawa ta intanet da mutanen wasu garuruwa: ka tara 'yan wasa, ka horar da su, ƙungiyarka ta yi ta hawa mataki. Da farko Barau ya kira abin shirme. Sai wata rana aka ɗauke wuta tun safe, janareto ya ƙi tashi, ya karɓi wayar Misbahu don kashe lokaci. Bai mayar ba sai azahar. Tun daga nan asusu ɗaya suka yi tarayya a kai, kowa da wayarsa, suka sa wa ƙungiyar suna Maƙeran Aujara. Misbahu ya buga in yana layin jiran fasinja, Barau ya buga in babu wuta. A cikin wasan akwai wurin barin saƙo, kuma a nan ne yaron da ba ya iya haɗa ido da wansa yake rubuta, "Yaya, wa ya ce ka sayar da golan nan? Ka tsaya a walda." Barau ya amsa, "Ba ya kamun komai, kamar mai shi." Shekara bakwai suna haka.

Sau ɗaya aka sace asusun, kuma laifin Barau ne. Wani mai zaƙin murya ya kira shi, wai daga kamfanin wasan, wai sun ci kyauta, sai dai ya karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarsa yanzu. Hannunsa na kan aiki, ya karanto don a ƙyale shi. Kafin la'asar an kore su daga asusunsu. Sati uku Misbahu yana rubuce-rubuce da kamfanin kafin a dawo musu da shi. Bai ce wa wansa uffan ba. Sai ya sa wani ɗalibin jami'a ya taho masa da wani ɗan baƙin abu daga Kano, bai kai ɗan yatsa ba, kamar filas ɗin kwamfuta. Makullin tsaro ne. Duk sabuwar wayar da za ta shiga asusun, ko ta san kalmar sirri, sai an soka mata shi a wurin caji an taɓa shi da yatsa. Ɗalibin ya ce a sayi biyu a ajiye ɗaya. Misbahu ya sayi ɗaya, ya ɗaura a zoben makullin kekensa.

Ciwon ƙoda ya ɗauke Misbahu a cikin wata biyar. Ya bar matarsa Fiddausi da yara biyu, mace da namiji. Bayan arba'in aka yi rabon gado a Aujara, a zauren Kawu Bunu, wan mahaifiyarsu. Barau ba shi da kaso tunda akwai ɗa namiji, bai kuma nema ba. Aka yi wa keken kuɗi, Gwadabe ɗan Kawu ya saya, aka miƙa masa makulli yadda yake, da zobensa da duk abin da ke rataye. Wayar mamacin aka goge aka sayar. Barau yana zaune a wurin, ɗan baƙin abin bai ko faɗo masa a rai ba, don tasa wayar tana shiga kamar kullum.

Bai ƙara buga wasa sosai ba. Yakan dai buɗe, ya gangara cikin tsofaffin saƙonni, ya rufe.

Ana nan wata Talata wayar ta zame daga aljihun gaba ta faɗa bokitin da yake tsoma ƙarfe mai zafi. Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai. Barau ya sayi wata ta hannu, ya sa sunan asusu, ya sa kalmar sirri. Wayar ta ce a soka makulli. Ya kashe ya kunna. A soka makulli. Mai gyaran ya ce masa gaskiya: abin da aka yi shi don ya hana ɓarawo, ba ya sanin ɗan'uwa. In babu makullin nan, ya haƙura.

Asabar ya rufe rumfa, abin da bai saba ba, ya hau motar Jahun zuwa Aujara. Ya sami Gwadabe a bakin kasuwar Aujara yana goge gilashin keken.

"A'a, bawana ne da kansa!" in ji Gwadabe, don taubasai ne. "Wutar Dutse ta ƙare ne ka zo ɗiban ta ƙauye?"

"Ina makullin keken?"

"Ko gaisuwa babu? Ga shi. Ko ka zo ƙwace ne?"

Barau ya juya zoben. Makulli biyu da abin yanke farce. "Akwai wani ɗan baƙin abu a jiki."

Dariyar Gwadabe ta ɗauke. Ya ce ya ɗauka na waƙoƙi ne, ya gwada a rediyon keken bai yi ba. Sai wani fasinja, ma'aikacin sakatariya, ya ce irin abin da banki ke ba masu manyan ajiya ne. "Ni kuwa ba na kwana da kayan marayu. Na kai wa Baba. Tun watan jiya yake jiran ya ga wanda zai zo nemansa."

Barau ya gane inda maganar ta dosa.

Kawu Bunu ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya aika a kira Fiddausi, wadda ta gama takaba tana gidan iyayenta a bayan masallaci. Ta zo ta zauna daga bakin ƙofa. Kawu ya kwance wani ƙullin tsumma, ya ajiye abin a gabansa.

"Barau, ranar rabo na tambaya ko akwai abin da ya saura, ka ce babu. Yau ga ka ka rufe sana'arka ka biyo wannan. Mene ne a ciki?"

"Ba kuɗi ba ne, Kawu."

"To mene ne?"

Nan fa ake yin ta. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, mai 'ya'ya shida, ya buɗe baki a gaban kawunsa da matar ƙanensa ya ce wasan yara ya biyo. Da zai iya tashi ya bar musu, da ya tashi. Amma in ya tafi, ya tafi da sunan mai ɓoye dukiyar marayu, kuma ƙofar nan ta rufe ke nan har abada. Bayani kuwa ba fanninsa ba ne.

"A ba ni a nan, a gabanku. Kowa ya gani."

Kawu ya tura masa. Barau ya fito da wayar, ya soka abin a wurin caji, ya ɗora babban yatsansa. Sabis ɗin zauren ba ƙarfi, da'ira ta yi ta juyawa. Can sai ga koren fili, ga 'yan mutane cikin jar riga suna tsalle, ga kiɗa ya cika zauren.

Gwadabe ya leƙo, ya dafe ciki. "Ƙwallo! Baba, wallahi ƙwallo ce! Bankin ke nan! Wayyo ni, ƙaton banza da furfura a gemu!"

"Rufe mana baki," in ji Kawu, amma shi ma gemunsa na motsi. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. "Yanzu saboda wannan ka biya kuɗin mota?"

"Namu ne ni da shi."

Kawu ya mayar masa da wayar. Sannan ya yi tambayar da Barau bai zata ba. "Ana sayar da irin wannan?"

Ƙarya ɗaya za ta kashe maganar. Barau ya ce, "Ana saye. An taɓa taya mana, ya ƙi."

"To abin da ake tayawa dukiya ce. Rabin wannan na yaran nan ne da uwarsu da kakarsu. Ba ni da ikon in ba ka." Ya juya wajen ƙofa. "Fiddausi, kin ji. Ko a sayar a raba, ko yaya kika gani?"

Ta ce a miƙo mata wayar. Barau ya buɗe mata wurin saƙonnin, ya kau da kai. Ta daɗe tana gangarawa da yatsa. Ta yi 'yar dariya sau ɗaya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ƙarshen daga gadon asibiti aka rubuto shi, ana saura kwana tara Misbahu ya rasu: "Yaya, yau ba zan iya ba, ka buga mana. Kar ka tsaya tsaron gida, ka kai hari."

"Ashe da kai yake ta wannan dariyar," ta ce. "Ni ina ta faɗa, na ɗauka wata ce."



Ta share ido. "Kawu, ni ban yarda a sayar ba, kuma na san Dada, kakar yaran, ba za ta yarda ba. Yaya ya ci gaba da riƙewa. Amma kar a goge ko harafi ɗaya, yaran nan za su girma su karanta. Makullin kuma a wurina zai zauna."

"Ka ji sharaɗi," in ji Kawu. "Amana ce, ba kyauta ba."

Barau ya zare makullin daga wayar. Ya san abin da hakan ke nufi: duk ranar da wannan wayar ta mutu, sai ya sake hawa motar Jahun ya zo ya roƙa. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Da suka fito, Gwadabe ya ce zai kai shi tasha kyauta, albarkacin dariyar da ya sha. Barau ya zaga keken, ya girgiza ƙarfen da ke riƙe da kujerar baya, ya ji yana lilo.

"Wannan ya kusa karyewa. Ka kawo shi Litinin da safe."

"Nawa za ka caje ni, kyaftin?"

"Ka dai kawo," in ji Barau, ya shiga ya zauna.