Tafin Hannun Malam Sahabi a Kan Kankare

Ina kan babur a hanyar Rabah aka kira ni, aka ce Malam Sahabi ya cika a gidansa na Giyawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya na kashe babur, kuma in faɗi gaskiya, fushi ya riga hawaye zuwa.

Shi ne shugabanmu a aikin gyaran gadojin da ke kan magudanan ban ruwa, daga Goronyo har Wurno. Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ya yabon kowa, amma ban taɓa ganin ya rufe aibin aiki da fenti ba.

Wata bazara wata ƙaramar gada ta tsage. Ɗan kwangila ya kawo wani baƙin ƙyalle mai ƙarfin gaske, wanda ake shafa wa danƙo a liƙa a jikin kankare ya riƙe tsagar. Malam bai ƙi ƙyallen ba, danƙon ne ya dame shi. Ya ɗora tafinsa a kan kankaren da rana ta gasa, ya janye da sauri, ya ce, "In hannu bai zamna ba, danƙo ba ya zamnawa. A bari sai da sahe." Sannan ya nuna baƙin hayaƙi a ƙasan gadar, inda masunta ke fakewa a inuwa suna bandar kifi. "Wagga wuta kuma sai ta sassauta shi. Ku yaɓe shi da siminti, ku gina ma masunta wurin banda can gehe."

Ɗan kwangila yana sauri, manya za su zo duba aiki. Ya ce, "Baba, mi ka sani ga wanga aiki? Zamaninka ya wuce." Aka ture Malam gefe, aka liƙa ƙyallen da tsakar rana, ba a yaɓe ba, masunta suka koma bandarsu. Ni na riƙe burushin danƙon.

Kafin damina ta tsaya, ƙyallen ya saki yana reto kamar tsumma a igiya. Takardar bincike ta ce shugaban aiki, wato Malam, shi ne bai goge kankaren da kyau ba. Aka sallame shi da wannan tabo. Na karanta, na san ƙarya ce, na ja bakina don ina tsoron rasa aikina.

Ga su kuwa a zaman makoki, waɗanda suka rubuta ta, cikin manyan riguna suna girgiza kai wai an yi rashin gwani. Ko kunya babu! Na tsani zamansu a tabarmar nan, kuma na fi tsanar nawa. Da na shiga gaida iyali, babbar 'yarsa Hajara ta dube ni ta ce, "Kawu, wai da gaske Baba shi ya ɓata gadar ga?" Na yi mata ta'aziyya kawai, na fice.

To, Hajara, ga amsarki a rubuce, a gaban kowa. Mahaifinki bai ɓata gada ba. Ya hana, muka ƙi ji, kuma hannuna ne ya shafa danƙon.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuma da na makara wajen neman gafararsa, Allah Ya sa ya yafe mini. Amin.