Tumatirin da Ya Tsira a Bakin Kwata

Akwai wani tumatir da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take nomawa a fadamar Kwalkwalawa tun ina 'yar yarinya. Faffaɗa ne, mai tsaga-tsaga, kai ka ce ƙaramar kabewa ce anka sa wa lalle. Fatarsa ba ƙwari, in ka ɗora wani bisa wani a kwando sai ya fashe, shi ya sa masu kai kaya kasuwa sunka rabu da shi. Amma ka jefa guda biyu a miya, sai na ƙarshen lungu ya san an ɗora tukunya.

Ga yadda take ajiye irinsa. Ta matse nunanne bisa farin tsumma, ta barbaɗa toka, ta shanya a inuwa, ta rataye. In ruwan sama ya ɗauke, a murje tsumman bisa ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka na gani, haka na koya, haka na taho da shi gidan aure a Gidan Dahala, ina shuka shi a fasassun tukwane bayan ɗakina, har na yi jikoki. Wata shekara na koma Kwalkwalawa gaisuwar rasuwa, na bi dangi ina tambaya ko akwai mai sauran irin. Ba kowa. Duk sun koma na sayarwa. Na dawo gida na dubi tsummana a jikin ƙusa, na san iyakar abin da ya rage ke nan.

To, ina da suruka, matar ɗana, yarinya mai kirki da tsafta. Tsaftarta ta kai in ta ga ƙyalle a rataye, hannunta ƙaiƙayi yake yi. Ran nan, ƙarshen damina, na tafi suna wajen Sama Road. Na dawo, na shigo da sallama, sai ga tsummana bisa igiyar shanya, fari fat, yana kaɗawa.

Ta ce, "Inna, sannu da dawowa. Kin ga tsummanki ya fita? Sai da na dirje shi, wasu 'yan ƙwayoyi duk sun manne masa kamar kashin ɓera."

Na nemi turmi na zauna. Na ce, "Ɗiyata, ina kinka zuba ruwan?"

Ta ce, "Kwata."

Da na gaya mata ko mene ne ta wanke, sai ta durƙusa tana kuka. Na ɗaga ta, na ce tsafta ba laifi ba ce. Bakina ya faɗi haka, amma tuwon ranar bai wuce mini ba.

Kwatar gidanmu ta ƙarƙashin katanga take fita, ta bi lungu ta gaban ƙofar maƙwabciyata. Malamar makaranta ce, Kirista, mutuniyar wajen Filato, mun daɗe muna ba juna gishiri da wuta. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da safe, tana dariya tun daga zaure.

Ta ce, "Mama, haka ake yi? A buɗe gona a ƙofata ba ko sallama?"

Na bi ta. Bakin kwata, daga gindin katangarmu har ƙofarta, tsiro ne kore shar, 'yan ƙanana masu kunne biyu-biyu. Na murza ganye ɗaya na shinshina. Tumatir. Ni da jikoki ke tsoron fuskata, sai ga ni a tsugune cikin lungu ina ƙyalƙyala dariya, ina yi wa tsiro sannu da zuwa.

Surukata ce ta sanyaya mini gwiwa. Ta ce, "Inna, kada ki manta nan nake zuba ruwan wankin tumatirin kasuwa." Gaskiya ta faɗa. Tsiron tumatir duk kamarsu ɗaya, ba mai sanin na wane ne sai ya yi 'ya'ya.

Na ce to, duk za mu goya su, mu ga wanda zai yi kama da gidanmu.

Na kafa doka a gida. Ruwan sabulu ya daina bin kwata, sai na alwala. Na ɗauki kujerata 'yar tsugunno da sanda na tare a lungu, saboda jajayen awakin unguwa sun ji labari. Mata masu wucewa sai su rage murya su ce, "Inna, lafiya dai?" In ce, "Lafiya lau, jego nake yi." Wata ta je ta kai wa ɗana magana a asirce, wai a duba tsohuwa.

Da sunka yi ƙwari, munka ciccire munka dasa. Tukwanena sunka ƙare, munka koma bokitai, da tsohon bahon wankan jikata, da buhunan siminti, har da wata tayar mota da Malama ta mirgino. Tsakar gida ta cika. Ɗana ya rasa inda zai jingine babur, ya tsaya yana dubawa ya ce, "Inna, mu ma za a bar mu mu kwana gidan, ko mu nemi haya?" Na ce in ya iya tafiya a karkace, ya zauna. Guda ɗaya ne kawai na bari a bakin kwata, wani ɗan tsamurarre da ban sa masa rai ba. Malama ta kifa masa tsohon kwando don awaki.

Sanyi ya shigo, fure ya fito, 'ya'ya sunka fara ɗaurawa. Kullum da safe ni da surukata mu bi su ɗaya bayan ɗaya muna ɗaga ganye. Na baho, dogo. Na taya, dogo. Na buhunan siminti, dogaye sumul, 'yan kasuwa tsantsa. Na daina wasan jego. Surukata kuwa ta daina haɗa ido da ni, ko abinci ta kawo sai ta ajiye ta juya.

Ran nan da hantsi Malama ta leƙo, ta ce, "Mama, wancan naki na waje ba shi da lafiya. 'Ya'yan duk sun yamutse kamar fuskar tsoho. In tuge shi, kada ya shafa wa sauran?"

Na ce, "Mi kinka ce? Sun yamutse?"

Ban san da takalmi ɗaya na fita ba sai daga baya. Na ɗaga kwandon. Ga su nan, faffaɗa, masu tsaga-tsaga, kore tukuna, sun maƙale a ƙarƙashin ganye. Na ƙwala wa surukata kira, ta fito da ludayi a hannu. Na kama ta, na kama Malama, na shiga juyi da su a bakin kwata, gwiwar da ke hana ni tashi ta manta da ciwonta. Surukata na dariya tana hawaye. Malama na cewa, "Mama, a hankali, za ki taka maras lafiyar."

Da ya nuna, ban bari an ci na farko ba. Na yage farin ƙyalle gida uku, na matse, na barbaɗa toka. Ɗaya na jikin ƙusata. Ɗaya na ɗakin Malama, tunda a ƙofarta ya ga damar tsira. Na ukun na damƙa wa surukata. Ta karɓa hannu biyu, ta zauna ta bi bakinsa da jan zare, ta ce duk ƙyallen da anka ga jan zare a jikinsa, ba mai kai shi kusa da ruwa.

Na biyun da ya nuna kuwa, surukata na miƙa wa, ta jefa a miya. Tukunya ba ta gama tafasa ba, na ji Malama ta bayan katanga tana tambaya ko da sauran tuwo.