Na Yi Ta Yabon Haƙurinta Tana Ƙarewa

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ta Zamfara, ni matashin malamin Turanci ne a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Gidanmu gidan malamai ne, amma ni na fi ji da ƙamus ɗina, har abokan aiki na tsokanata wai da shi nake matashin kai. Akwai kalmar distress da nake son koyarwa. Sai in gyara tsayuwa in ce wa ɗalibai tana nufin ƙuncin da ya wuce damuwa, tana zuwa a suna ko aikatau, kuma ba kasafai ake yi mata jam'i ba. Su kwafa, in fita ina jin kaina. Ashe abin da nake fassarawa a allo yana zaune a ɗakina ban gane shi ba.

Matata 'yar Birnin Tsaba ce. Ɗanmu na fari ya rasu yana da wata huɗu, zazzaɓin kwana biyu. Kun san kunyar ɗan fari a wajenmu: ba ta taɓa kiran sunansa ba, in da mutane ko kallonsa ba ta cika yi. Da ya rasu ma haka ta yi zaman makoki ido a bushe. Tsofaffi suka yi ta sa mata albarka, suna cewa ga yarinya mai kawaici da tawakkali. Ni kuwa har bugun gaba nake a ɗakin malamai, wai Allah ya ba ni mace mai haƙuri. In na dawo in tambaye ta ya gida, ta ce lafiya lau, in ci tuwona in ɗauki littattafan da zan duba. Wata uku muna haka. Ta rame, na ce zafin bazara ne.

Maƙwabciyarmu Kirista ce daga kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya, babbar mace da duk unguwa ke ce wa Mama. Wata Asabar da hantsi ta tare ni a ƙofar gida, a lokacin da mace ba ta tsayar da namiji a titi haka kawai. Ta tambaye ni yaushe rabon da in ga matata ta kai loma baki. Ta ce awaki matar tawa take juye wa abincinta, kuma sau biyu tana samunta tsaye a bakin rijiya babu guga a hannunta. Raina ya ɓaci, na ce mata harkar gidana ce. Ta ce to Malam, in ajiye fushin sai anjima, yanzu in koma ciki.

Na koma, na zauna a tabarmarta, abin da na daɗe ban yi ba. Na tambaye ta, ta ce lafiya lau. Ban tashi ba. Na ambaci sunan yaron, na ce ni ma kewarsa na damuna. Wallahi kukan da ta fashe da shi ban taɓa jin irinsa ba. Ta ce kowa na yabonta, ta rasa ta inda za ta fara, kuma ta ɗauka hawaye rashin imani ne. Sannan ta ce, “Malam, har ya tafi ko sau guda ban kira shi da sunanai ba.”

Mama ce ta kai ta asibiti a ranar, aka yi mata ƙarin ruwa, ta kuma riƙa shigowa kullum tana zama da ita. Baffana limami ya zo daga Zurmi ya fahimtar da ita cewa hawaye ba ya ɓata tawakkali, abin da na sani tun ina ƙarami amma ban taɓa faɗa mata ba. A hankali ta dawo hayyacinta. Yau 'ya'yanmu biyar, na gode wa Allah, kuma har in mutu ina yi wa baiwar Allah Mama fatan alheri.

Jama'a, mu mutane ne da ko muna kwance rai a hannun Allah, lafiya lau za mu amsa. Kada ku tsaya a amsar farko, ku zauna ku sake tambaya. Kuma ku yi hattara da yabon haƙurin wanda ba ku ji cikinsa ba, domin yabon na iya rufe masa baki. Da Mama ta ji nauyin tare ni a ranar, da makoki na biyu zan zauna, ina ta ba mutane labarin haƙurin marigayiya.