Na Iya Tafiya, Tsayawa Ce Ban Iya Ba

"Yaya Sani, ina birkin?!" Haka nake ta kwarara ihu jiya a filin ƙwallo na Magariya, ina bisa moto, wato babur, hijabina yana tashi kamar tuta.

An tura ni koyarwa lakwal, wato makarantar garin Yekuwa, kuma in ban iya moto ba, kullum sai na makara. Na ce wa yayana ya yi min bayani tukuna. Ya ce, "Ba a koyon moto da baki, ƙanwata. Hau kawai."

Na hau, na murɗa, sai ga ni ina tafiya! Wallahi daɗi kamar in yi guɗa. Hannuna ya gane kwana da kansa.

Sai da na so sauka na tuna ba a gaya min yadda ake tsayawa ba.

Na yi ta zagaye. Duk wucewa, dattawan da ke zaune gindin itacen bedi su ce, "Sannu Malama!" ni kuma in amsa, "Yauwa Baba!" zuciyata tana dukan uku-uku. Ban tsaya ba sai da isansi, wato fetur, ya ƙare.

Yaya ya iso yana haki, dariya ta hana shi magana. Da kyar ya ce, "Ai na zaci ƙafarki za ta gano shi."

Na ce, "Ƙafata ba ta duba, Yaya!"

Sai a lokacin ya nuna min birkin. Yau da kaina na je garin Waca na dawo lafiya. Hannu malami ne, amma wani abin sai an faɗa maka. Ku kuma wa ya taɓa ce muku "hau kawai"? 😂