Zomaye Ashirin da Uku na Umm Tamir

Afaf Ginidi, wadda kowa a layinsu na unguwar Muharram Bek ke kira Umm Tamir, wato uwar Tamir, ta kai shekara hamsin da takwas a duniya ba ta san zomo da wani amfani ba sai naman miyar lalo. A ƙauyensu kusa da Damanhur ita ce ke riƙe ƙafafu idan mahaifinta zai yanka. Aure ne ya kawo ta birnin Iskandariyya na ƙasar Masar. Ta yi shekara talatin da ɗaya a kan keken ɗinki a wata masana'antar rigunan yara, har idanunta suka fara gazawa aka sallame ta. Shekara biyu bayan nan mijinta Shaukat, direban tarago, wato ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, ya rasu. Ɗansu ɗaya tal, Tamir, yana aiki a Kuwait, yana kiran waya duk Juma'a.

Sati guda bayan Shamm an-Nasim, bikin shigowar bazara, ta sauko zubar da shara, ta ga kwalin takalmi yana motsi. Ɗan zomo ne a ciki, irin wanda ake saya wa yara ranar biki, an tsoma shi a jan rini har kunnuwa, gudawa ta ɓata masa baya. Ta ɗauke shi ba don tausayi ba. Ita da bakinta ta faɗa wa maƙwabciyarta Nargis, Kirista ce mai ƙofa da ƙofa da ita, cewa nan da wata huɗu zai isa tukunya.

Wata huɗu ya zo ya wuce. Rinin ya zube, zomo ya fito ruwan toka, ya kama kujerar marigayi Shaukat ya mayar tasa, wadda ko Tamir idan ya zo hutu ba ya zama a kai. Ta sa masa suna Basha, wato babban mutum.

"Ina miyar tamu?" in ji Nargis. "Na sayi tafarnuwa tun watan jiya."

"Bai yi ƙiba ba tukuna."

"Bai yi ƙiba ba? Afaf, wannan ko tarago ya shiga sai an yanka masa tikiti biyu!"

Da labari ya zaga layi, sai wata mata ta kawo mata zomanya fara da 'ya'yanta suka gaji da ita. Afaf ta sa mata suna Hanim, ta ajiye ta gaban Basha tana murna ya samu 'yar'uwa. Kafin ta juya gashi ya tashi a falo kamar an fasa matashin kai. Ta kwashi Basha da kunne a tsage ta nufi wajen Dakta Hazim, likitan dabbobin unguwar, wanda ya fi saba da kyanwa da kare.

"Hajja, ke ma a wayi gari a jefo miki baƙuwa cikin ɗaki a ce ku zauna, za ki yarda?" ya tambaye ta yana ɗinki. Ya ce sai an yi wa kowannensu aiki don kada su haihu, a bar su su warke, sannan a haɗa su a wurin da babu wanda zai ce nasa ne.

Bahon wanka ta zaɓa. Kullum da hantsi takan shimfiɗa tawul a ciki, ta sa su biyun, ta zauna a bakin baho da faranti a hannu, wanda za ta tsoma tsakaninsu idan ta ga wutsiya ta ɗaga, alamar faɗa. Minti biyar ranar farko, minti goma ta biyu. Ta gano da kanta cewa idan ta shafa ɗan ayaba a goshin ɗaya, ɗayan zai lasa, wanda aka lasa kuwa zai ɗauka girmamawa ce. Ranar kwana ashirin da shida Basha ya cusa kansa ƙarƙashin haɓar Hanim, ita kuma ta shiga lashe masa tsagaggen kunnen nan, babu ko ayaba. Afaf ta zauna a bakin baho tana hawaye, ba ta ma san na mene ne ba.

Daga nan abin ya zama aikinta. Tamir ya sa aka rufa mata rabin saman bene da kara saboda rana, aka yi shingaye na katako. Kwalaye suka riƙa zuwa: wanda ƙasan kejin waya ya cinye wa tafin ƙafa, wanda haƙoransa suka yi tsawo har ya kasa ci, wanda aka yi wa wanka da sabulu ya kusa mutuwa da sanyi. Takan yi jinya, ta kai a yi aiki, ta nemo wa kowa abokin zama a baho, sannan ta nemo musu gida. Nargis takan ce, "Ke kam kin fi limaminku da fadan cocinmu yawan ɗaura aure."

Sharuɗɗanta sun kori mutane da yawa. Ba ta bayar da ɗaya, sai biyu. Ba keji. Ba ɗauka ta kunne. Busasshiyar ciyawa kullum, karas sai jefi-jefi. Kuma sai ta je gidan da ƙafarta ta duba inda wayoyin lantarki suke. Wani attajiri ya taɓa zuwa da babbar mota aka nuna masa biyu, fari da baƙi, ya ce farin kawai yake so, baƙin bai yi wa 'yarsa ba. Ta ce masa, "To Alhaji, kai ma ka tafi ka bar matarka a nan, ita ta fi yi mini." Ya fita yana sababi, Nargis na dariya a bayan ƙofarta.

A shekara tara ta aurar da sama da guda ɗari. Basha da Hanim kaɗai ba ta taɓa tunanin bayarwa ba. Sun tsufa tare, idon Basha ya yi fari, Hanim ce ke masa jagora: inda ta nufa nan yake bi da hanci a jikinta. Saboda zafin cikin gida ta mayar da su sama, shingen da ya fi samun iskar teku.

Doka ɗaya ba ta taɓa karyawa ba. Duk sabon zuwa sai ya yi sati biyu shi kaɗai a banɗaki, a ƙasa, kafin ya ga saman bene.

A watan Agusta na shekara ta tara bututun ruwan gidan ya fashe, masu gyaran famfo suka fasa banɗakinta gaba ɗaya, ƙura da ƙarar guduma tun safe. Rana ta biyu ta buɗe ƙofa ta tarar da kwalin taliya an huhhuda masa ramuka. Zomanya ce baƙa, ƙarama, tana haki. Afaf ta tsaya da kwalin a hannu. Falo ya cika da siminti, ɗakin kwana kamar tanda. Ta ƙwanƙwasa wa Nargis.

"Da na karɓa, 'yar'uwa, amma kin san kyanwar nan tawa ba ta da imani."

Sai ta hau da ita sama. Ta ajiye ta can ƙarshen bene, nesa da sauran, ta ware mata kwano, tana wanke hannu duk ta taɓa ta. Ta ce a ranta kwana uku ne, masu gyara za su gama.

Washegari Madam Hala ta zo ɗaukar nata. Malamar makaranta ce, mahaifiyarta ta shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma tsohuwar ce ta ce tana son abin da zai riƙa motsi a ɗakin. Afaf ta riga ta duba gidan. Ta miƙa mata Fustuk da Loza, 'yan shekara ɗaiɗai, ta bi ta har bakin tasi tana maimaita maganar ciyawa.

Da safiyar kwana na uku baƙar zomanyar tana kwance a miƙe, da ɗan jini a hanci. Da la'asar biyu daga shingen tsakiya suka bi ta. Babu tari, babu zawo, da safe sun ci abincinsu sarai.

Dakta Hazim ya hawo benen da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya duba gawarwakin.

"Dakta, ai na yi musu allura. Kai ka yi da hannunka."

"Na yi, Hajja. Wannan ciwon da alama sabon iri ne, allurar bara ba ta kama shi ba. Ƙuda ma yana ɗaukarsa, takalminki yana ɗauka. Ki rarraba su. Wanda ya mutu ki ɗauke nan take, kada ki bari ko minti ɗaya."

"Ni na hawo da baƙar nan."

"Ko ba ki hawo da ita ba, zai iya zuwa ta wata hanya."

"Amma ta wannan hanyar ya zo, ɗana."

Ta raba abin da ta yi shekaru tana haɗawa. Kowa da kwalinsa, kowa da kusurwarsa, suna tono jikin kwali suna neman juna. Basha da Hanim kaɗai ta kasa rabawa. Bai hana komai ba. Kullum ta hau da safe sai ta sauko da gawa a leda, wata rana ɗaya, wata rana huɗu. Nargis, mai ciwon gwiwa, ta riƙa bin ta har saman benen, hawa biyar, tana riƙe da ledar, ba ta yi wasa ko sau ɗaya ba.

Ranar kwana biyar Afaf ta ɗauki waya ta kira Madam Hala. Ta shirya maganar da za ta faɗa, amma Hala ta riga ta.

"Hajja, yanzu nake shirin kiranki. Loza ta mutu ɗazu, a kan gadon Mama. Mama tana ta cewa ita ce ta danne ta da hannun da ba ta ji. Na rasa yadda zan yi da ita."

"Ba ni ita a wayar," in ji Afaf.

Tsohuwar ba ta iya magana sosai, numfashinta kawai ake ji. Afaf ta ce, "Hajja, ba ke ba ce. Daga gidana ta zo da ciwon. Ni ce. Ki yafe mini." Ta faɗa sau uku, don ta tabbata ya shiga.

Hanim ta mutu ranar kwana bakwai, da hantsi, Afaf na tsaye. Basha na kwance a jikinta yana lasar goshinta. Afaf ta sha gaya wa mutane cewa idan ɗaya ya mutu a bar gawar da ɗan'uwansa na 'yan sa'o'i, ya shinshina, ya tura, ya gane da kansa, in ba haka ba zai yi ta jira. Ta san wannan sarai. Ta kuma san abin da Dakta ya ce. Ta sunkuya ta zare Hanim daga ƙarƙashin haɓarsa.

Cutar ba ta taɓa Basha ba. Dakta ma ya yi mamaki. Amma ya yi ta zagaye shingen yana cin karo da katako, ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya sake zagayawa. Ta sauko da shi ɗakinta. Ta ba shi na'ana'a, ta ba shi ɓawon kankana da yake so, ya kau da kai. Ta dama abinci tana ɗura masa da sirinji duk bayan sa'a uku, yana haɗiyewa don dole. Kwana shida ya yi haka. Ranar Juma'a, ana kiran sallah, ya miƙe ƙafafu a kan cinyarta, ya cika. Wayarta ta yi ta ƙara a kan tebur da kiran Tamir, Nargis ce ta zo ta ɗauka.

Cikin zomaye ashirin da uku da take da su, ɗaya ta rage a sama, wata ja mai faɗa da ake kira Zaituna, wadda ba ta taɓa yarda da kowa a baho ba. Bayan sati biyu Madam Hala ta dawo da Fustuk. Ta ce mahaifiyarta ba ta iya kallonsa shi kaɗai.

Afaf ta sa aka ɓalle katakon aka ƙone, ta wanke benen da maganin kashe cuta har fatar hannunta ta saɓe. Dakta ya ce bayan wata huɗu za ta iya sake farawa. Wata huɗu ya cika, shekara ta cika, ba ta sake hawa ba. Maƙwabta sun ɗaura igiyar shanya a wurin. Ta rubuta takarda ta manna a ƙofa cewa ba a karɓar zomo, duk da haka lokaci-lokaci akan ajiye kwali, sai ta kira Dakta Hazim ya turo a ɗauka, ba ta buɗewa.

Abin da ta ci gaba da yi shi ne waya. Duk gidan da ta taɓa ba zomo tana kiransu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko an yi sabuwar allura, ba ta ajiye waya sai an faɗa mata rana. Wasu sun fara ƙin ɗauka.

Fustuk yana falo, Zaituna tana ɗakin kwana, ƙofa a rufe tsakaninsu. Wata rana da yamma Nargis ta shigo da shayi ta tarar da Fustuk kwance a bakin ƙofar, hancinsa a ƙasan tsagar.

"Afaf, dubi wannan bawan Allah. Ki gwada su mana. Ko minti biyar."

Afaf ta dube shi, ta daɗe.

"Idan suka saba, ɗaya zai riga ɗaya mutuwa," ta ce.

"To ai haka kowa yake, ke ma haka, ni ma haka."

"Na sani."

Ta karɓi shayin ta riƙe da hannu biyu, ba ta sha ba. Nargis ta zauna kusa da ita.